Daga Vitrac zuwa Beynac: Dattijo a Cikin Kayak

Kogin Dordogne ya faro ne daga tsaunin Puy de Sancy a tsakiyar Faransa, ya yi tafiyar kilomita 483 yana nausawa yamma, kafin ya haɗu da Garonne a arewacin birnin Bordeaux su faɗa teku tare. A samansa akwai kwazazzabai da manyan madatsun ruwa na lantarki, a ƙasansa kuma ya yi faɗi har ruwan teku na kutsowa cikinsa. Amma a tsakiya, a yankin Périgord kusa da garin Sarlat, kogin ya yi laushi. Yana gangarawa a natse tsakanin gonakin gyaɗar Turawa da duwatsun farar ƙasa masu tsayi, kowane kwana ya yi sai ya buɗe wa matafiyi wani tsohon gari ko wata fada mai ganuwa. Daga kwatar Vitrac zuwa gindin dutsen Beynac kimanin kilomita 16 ne, tafiyar awa uku zuwa huɗu ga wanda ba ya gaggawa, kuma da bazara ƙananan jirage masu launi kan cika wannan yanki maƙil. Cikin masu tuƙa su akwai masu furfura da yawa, maza da mata da suka yi ritaya. Abin da nake son tabbatarwa a kan wannan tafiya shi ne, ga wanda ya manyanta, jin daɗin zama a cikin jirgi da tsira da rai ba abubuwa biyu ba ne. Duk abin da ya takura jikin dattijo a kan ruwa, shi ne zai fara cin amanarsa idan abu ya ɓaci.

Asalin jirgin ma yana goyon bayan wannan magana. Kayak abin farautar mutanen Inuit ne na Greenland da arewacin Kanada da Alaska, ƙashin jirgin na itace ko na ƙashin dabba, a lulluɓe shi da fatar dabbar ruwa. Ba a yin sa barkatai. Da jikin mai shi ake auna shi, tsawon hannunsa da faɗin ƙugunsa, kamar yadda tela ke auna riga, domin maharbin da jirginsa bai zauna masa daidai ba a ruwan ƙanƙara ba ya daɗewa. Turawa sun mai da shi abin yawon buɗe ido ne bayan wani lauya, John MacGregor, ya zaga kogunan Turai a 1865 cikin ƙaramin jirginsa Rob Roy, ya kuma rubuta littafi a kan tafiyar. Daga shekarun 1970 aka fara zuba jiragen da roba a masana'anta, suka yi arha, suka yi yawa, sai dai an rasa wancan awon. Yau mai ba da haya kan miƙo wa ɗan shekara 20 da ɗan shekara 70 jirgi iri ɗaya. Saurayin zai jure, jikinsa zai biya bashin ba tare da ya sani ba. Dattijon kuwa dole ne ya koma ga hikimar masu jirgin na asali, ya nemi abin da ya dace da jikinsa na yau, ba na shekara 30 da suka wuce ba.

A kwatar Vitrac, tun kafin filafili ya taɓa ruwa, ake haɗuwa da wuri mafi haɗari a tafiyar, wato shiga jirgin. Mutane kan ɗauka tsakiyar kogi ne abin tsoro, alhali a bakin gaɓa ne ƙafa ɗaya ke kan tsakuwa mai santsi, ɗaya a cikin abin da ke motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Ƙashin kwankwaso bai damu ba ko a banɗaki aka zame ko a bakin kogi. Saboda haka zaɓin jirgi ya fara ne daga tambayar yadda za a shiga a fita. Kayak mai rami, wanda ake zura ƙafafu a cikinsa, ya fi gudu kuma ya fi kare mutum daga iska, amma yana neman gwiwa mai lanƙwasuwa da ƙarfin hannu na ɗaga jiki daga ƙasa. Wanda ake zama a kansa a buɗe, mai faɗi, ya fi sauƙi: a tura shi inda ruwa ya kai ƙasan gwiwa, a juya masa baya, a zauna kamar a bakin gado, sannan a ɗauko ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Idan ya kife ma ba abin da zai riƙe mutum a ciki, kuma ruwan da ya shiga yana zurarewa ta ramukan ƙasansa. Nauyinsa kan kai kilo 20 zuwa 30, na mutum biyu ya fi haka, don haka ɗaukarsa aikin ma'aikatan kwata ne. Dattijon da ya nace sai ya ciccibi nasa don kada a ce ya gaza, ya riga ya kashe ƙugun da zai buƙata a awa ta uku. Takalmi kuma ya zama mai ɗauri da gindin roba; silifa a nan tarko ne.

Sai zama. A jirgin haya sau da yawa wurin zaman rami ne kawai a jikin roba, ba majingina. Wanda ya zauna a haka ƙafafu a miƙe, cikin rabin awa ƙugunsa zai fara ƙorafi, cikin awa guda ƙafafunsa su sage. Mai ƙafa a sage ba ya iya dafe jirgi idan ya karkata, kuma idan ya zo sauka ƙafar ba za ta ɗauke shi ba. Maganin ba tsada: majingina mai ɗauri da ke tallafe ƙasan baya, ɗan matashi siriri, da matakar ƙafa da aka gyara yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa. Siriri na ce, domin matashi mai kauri yana ɗaga mutum sama, jirgin kuma ya ƙara rawa. Filafili ma haka. Bambancin gram 300 tsakanin na ƙarfe da mara nauyi kamar ba komai ba ne a hannu, amma wanda ke sara sau 40 a minti zai ɗaga shi fiye da sau 7,000 cikin awa uku, kuma kafaɗa mai amosani tana ƙirga kowane ɗaya. Gwanaye na koyar da cewa a riƙe shi sako-sako, a bar hannu a ƙasa, a juya gangar jiki gaba ɗaya maimakon ja da damtse. A Dordogne wannan ya wadatar, domin kogin ne ke yin rabin aikin, filafili na gyara hanya ne kawai.

Ba a daɗe da barin Vitrac ba garin Domme zai bayyana a hagu, a kan dutse kusan mita 150 sama da ruwa. Sarki Philippe na Uku ne ya kafa shi a 1281 don tsaron kwarin. A gindinsa gadar Cénac take, kuma a nan matafiyi ke koyon darasin farko na kogin: a zaɓi ƙofar da za a bi tun daga nesa, a nisanci ginshiƙan gada da itatuwan da suka faɗo cikin ruwa, domin ruwa na ratsa rassa ya wuce, jirgi da mutum kuwa su maƙale. Abin da ya sa wannan yanki ya dace da dattijai ya wuce laushin ruwansa. Kusan kowane 'yan kilomita akwai kwata, ƙauye, titi da inda mota za ta iya zuwa. Wanda ya shirya kilomita 16 ya ga jikinsa ya ce takwas, yana iya sauka a kira masu hayar su ɗauko shi. A kwatanta da kwazazzabon Ardèche a kudu maso gabashin ƙasar, wanda ya fi shi suna: kusan kilomita 30 daga Pont d'Arc, da wuraren da ruwa ke tafasa a kan duwatsu, mafita kuma 'yan kaɗan tsakanin manyan gaɓoɓin dutse. Wanda ya shiga sai ya ƙarasa. Kyakkyawan wuri ne, amma ba a nan ɗan shekara 70 zai fara gwada kansa ba. Shi ma Dordogne ɗin ba kullum yake da haƙuri ba. Ruwan sama a kan tsaunuka ko sakin ruwa daga madatsun sama, irin su Bort-les-Orgues da Chastang, kan ɗaga shi ya ƙara gudu, shi ya sa tambayar farko ga mai haya da safe ita ce yaya ruwa ya kwana, kuma idan ya ce yau ba a shiga, ba a ja da shi.

Wajen tsakiyar tafiya La Roque-Gageac take, jerin gidaje masu ruwan zuma a matse tsakanin kogi da dutse. Dutsen ya fuskanci kudu, yana shan rana yana mayar da zafinta, har ayaba da dabino na ado ke tsiro a lambun da ke kusa da majami'ar garin, abin mamaki a wannan yanki na Turai. A watan Janairun 1957 wani ɓangare na dutsen ya zaftaro kan gidaje, mutum uku suka rasu. Zafin da ke raya ayabar shi ne abokin gabar dattijo na biyu. Wanda ya tashi a ƙasar rana zai iya yin dariya a ce masa ya ji tsoron zafin Faransa, amma zafin bazarar 2003 ya kashe kusan mutum 15,000 a ƙasar, akasarinsu tsofaffi. A kan ruwa babu inuwa, hasken na dawowa daga ƙasa, iska mai sanyi kuma na rufe wa mutum gumin da yake zubarwa. Ga shi kuma jin ƙishirwa na raguwa da shekaru, wasu magungunan hawan jini kuwa aikinsu fitar da ruwa daga jiki. Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa ba: dattijai da yawa kan ƙi shan ruwa da gangan don gudun neman wurin kewayawa. Wannan kunya tana da tsada. Gara a tashi da hantsi, a ajiye gorar ruwa a gaban ƙafa ba cikin durom ɗin ajiya da ke baya ba, a sa malafa da riga mai dogon hannu, a kuma tsaya duk bayan awa guda. Idan an tsaya kada a zabura a miƙe. A sauko da ƙafafu cikin ruwa, a zauna minti ɗaya ko biyu, domin jini kan sauka ƙafafu bayan dogon zama, jiri kuma ya fi kama wanda ya tashi farat ɗaya.

A nan La Roque-Gageac ne mai sukar wannan tafiya zai samu hujjarsa ta farko, tana shawagi a gabansa. Akwai manyan jirage masu inji da aka ƙera da siffar jiragen dakon da, waɗanda suka riƙa sauke katako da giya zuwa Bordeaux su dawo da gishiri, kafin jirgin ƙasa ya kashe sana'ar a ƙarshen ƙarni na 19. Yau suna ɗaukar baƙi zagayen kusan awa guda, da kujeru da mai bayani. Me zai sa dattijo ya jiƙa wandonsa alhali ga wannan? Ga wanda ba ya iya zama a ƙasa ko tashi daga gare ta, wannan ne zaɓin da ya dace, kuma babu faɗuwar girma a ciki. Sai dai shawarar da aka saba ba tsofaffi, ta su zauna a yi musu, tana da nata lahanin, kawai ba ya zuwa da ƙara ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta nemi 'yan shekara 65 zuwa sama su riƙa motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, tare da ayyukan ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa. Wanda gwiwarsa ta hana shi doguwar tafiya a ƙasa, tuƙi na ba shi aikin zuciya da baya da ciki alhali gwiwar na hutawa. Kuma akwai abin da ba a auna shi da minti: a cikin kayak shi ke zaɓar gaɓar da zai tsaya da tsawon lokacin da zai ɗauka yana kallon zalɓe, a shekarun da 'ya'ya da likitoci suka fara zaɓar masa komai.

Hujja ta biyu daga bakin dattijon kansa take fitowa, ita ce ta fi ba ni tsoro. Zai ce ya iya ruwa tun yana yaro, kogin ma a wurare da yawa bai kai ƙirji ba, to rigar kariya ta mece ce? A Faransa masu haya na ba kowa rigar, kuma sharaɗi ne mutum ya iya ninƙayar mita 25, amma da an yi kwanar farko za ka ga an kwance ta an jingina da ita. Alƙaluman rundunar tsaron gaɓar Amurka shekara da shekaru suna nuna abu guda: cikin waɗanda suka nutse a haɗarin jiragen shaƙatawa, fiye da kashi 80 cikin ɗari ba sa sanye da ita. Dalilin da ya sa iyo ba ya isa yana cikin daƙiƙun farko. Idan jiki ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 ba, mutum kan ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, numfashin ya riƙa sarƙewa, bugun zuciya da hawan jini su tashi lokaci guda. Idan kai na ƙarƙashin ruwa a wannan jan numfashi, magana ta ƙare. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ke biyo baya da cewa mutum na da kusan minti ɗaya na shawo kan numfashinsa, da kusan minti goma kafin hannuwa su daina yi masa biyayya. Da tsakiyar bazara ruwan Dordogne kan yi ɗumi, amma a watan Afrilu da Mayu rana na iya yin daɗi ruwan kuma na nan da sanyinsa, lokacin ne kuwa masu ritaya suka fi son zuwa don gudun cunkoso. An ce iya ruwa fidda kai. Rigar ce ke riƙe kan a sama kafin iyawar ta dawo. Mu da muka ji labarin jirgin da ya kife da 'yan biki a yankin Patigi na jihar Kwara a watan Yunin 2023, mutum fiye da 100 suka rasu, ba ma buƙatar Bature ya yi mana wa'azi a kan wannan. Kuma a nan ma zancen ya komo kan jin daɗi: rigar da ke cizon hammata ko take tokare haɓa idan an zauna, ita ake cirewa. A gwada ta a zaune kafin a bar kwata, a nemi mai gajeren baya wadda ba ta karo da majingina.

Sukar da ba zan iya kawar da ita gaba ɗaya ba ita ce ta zuciya. Akwai dattijan da majingina da riga ba za su canza musu lissafi ba: wanda ke jin nauyi a ƙirji idan ya hau bene, wanda ke yawan suma ko jiri, wanda aka yi wa aiki kwanan nan. Wannan maganar likita ce, kuma a gaya masa gaskiyar abin da za a yi, awa nawa, a wane zafi, nesa da asibiti nawa. Mai ciwon suga ya ajiye abin zaƙi a aljihun rigar kariya, mai shan maganin tsinka jini ya san cewa ƙaramin bugu a kan dutse ba ƙarami ba ne a wurinsa. Waya ta kasance cikin jaka mai hana ruwa a jikin mutum, domin jirgi na iya tafiya ya bar mai shi, lambar gaggawa kuma 112 ce a duk ƙasashen Tarayyar Turai. Ba kuma a tafiya a kaɗaice. Jirgin mutum biyu, da ɗa ko jika a baya yana riƙe da linzami, yana ba dattijo damar ajiye filafili a cinya idan ya ga dama, tafiya kuma ba ta tsaya ba.

Akan kawo sunan Aleksander Doba a irin wannan muhawara, kowane ɓangare na jansa. Ɗan ƙasar Poland ne da ya tashi daga Dakar a watan Oktoban 2010, yana da shekara 64, ya isa gaɓar Brazil bayan kwana 99 shi kaɗai a cikin kayak. Ya sake tsallake Atlantika sau biyu, na ƙarshe a 2017 daga Amurka zuwa Faransa yana da shekara 70, ya kuma rasu a 2021 a ƙololuwar Kilimanjaro. Masu cewa shekaru ba komai ba ne suna manta cewa ya shafe shekara 30 yana tuƙi kafin Dakar, kuma jirginsa mai tsawon mita bakwai an ƙera shi ne musamman dominsa, da ɗakin barci da na'urar tace ruwa. Abin da labarinsa ya nuna bai wuce abin da maharban Inuit suka sani ba, cewa jirgi ake kawowa wurin jiki. Dattijon da ya karanta labarinsa ya ɗauki zuciya kawai ya bar shirin, ya ɗauki rabin da ke kashewa.

Bayan La Roque-Gageac kwarin ya buɗe. A dama lambunan Marqueyssac na kan tudu, a hagu fadar Castelnaud, can gaba kuma Beynac, suna hararar juna ta saman kogi kamar yadda suka yi a Yaƙin Shekara Ɗari, lokacin da Castelnaud ta fi zama a hannun Ingila, Beynac kuma a hannun Faransa. Yaƙin ma a bakin wannan kogi ya ƙare, a Castillon, a 1453. Kilomita huɗun ƙarshe ne suka fi kyau, su ne kuma suka fi gwada mutum. Iska na iya tasowa da rana ta riƙa bugun mutum a fuska, jirgi mai faɗi kuma ba ya son iska. Idan ruwa ya ja baya a ƙarshen bazara, akwai wuraren da gindin jirgi ke kama tsakuwa, a sauka a ja shi, a sake yin wancan shiga da fita da ƙafafun da suka gaji. A nan ne ake gane wanda ya ɓarar da ƙarfinsa da safe yana tsere da samari, da wanda ya bar wa kogi aikinsa.

Kwatar Beynac na gindin ƙauyen, a dama. Fadar na can sama, kusan mita 150 a kan dutsen da ya miƙe sak, ita ce wadda Sarki Richard na Ingila ya riƙe a ƙarshen ƙarni na 12. Hanyar zuwa ƙofarta daga bakin ruwa lungu ne mai tudu da aka shimfiɗe da duwatsu, kuma ga gwiwar da ta yi awa huɗu a lanƙwashe, wannan hawan ya fi duk kilomita 16 ɗin wuya. Akwai titin mota da ke zagayawa ta baya har saman dutsen, da wurin ajiye motoci kusa da fadar. Daga kan ganuwa ana hango Castelnaud da Marqueyssac da lanƙwasar kogin da aka biyo, jiragen da ke tafe a baya kuma sun koma ƙanana kamar ƙwayar barkono a faranti.